Warin ƙonewar roba a motata da garejin da ya gano matsalar

Jama'a assalamu alaikum, na ce bari in ba ku labarin wani gareji da na kai motata nan Sakkwato gefen Western Bypass, don na san ba ni kaɗai wanga wari ya taɓa tayar ma hankali ba.

Motar Corolla ce 2006, atomatik. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na ɗauko yara daga makaranta Mabera AC na kunne, muna cikin cinkoso wajen Gawon Nama sai wari ya cika motar awa an ƙona taya. Da farko na ɗauka bola ce anka sa ma wuta bakin hanya, sai da munka isa gida Arkilla na kashe mota na ji warin na fitowa daga ƙarƙashin bonet, nan cikina ya ɗuri ruwa don yara na ciki.

Wurin da na fara kaita ko tada motar ba su yi ba, sunka ce fanbel ne, anka canza na biya. Kwana 3 wari ya dawo, har da wani kuka ƙiiii duk sanda na kunna AC.

Wani abokin aikina ya yi min kwatancen wani dattijon makanike, mai garejin nan na Western Bypass. Abin da ya fara burge ni bai taɓa sifana ba sai da ya zauna ya yi min tambayoyi kaman likita, Malam yaushe kake jin warin, da AC ko ba AC, daga gaba yake ko wajen taya, motar na ja gefe guda in ka taka birki? Ya shiga munka zaga har wajen Kwannawa munka dawo, yana sauka ya bi tayoyin huɗu yana kusanta bayan hannunshi da rim, ya ce in birki ya kama rim ɗin wurin zai fi sauran zafi sosai kuma warin daga nan zai taso. Babu. Ya kwanta ƙasa ya leƙa salansa ko leda ta manne tana narkewa, ya duba tiyo-tiyo ko wani ya kwance ya jingina da wurin zafi na inji, ya haska gasket na sama ko baƙin mai na ɗiga kan manifol, wato bututun da hayaƙi ke fita daga inji. Ya ce min warin wayar wutar mota daban yake, ya fi kauri yana shaƙe maƙogwaro, in shi na ji in kashe mota nan take in cire kan batir in kira rewaya. Kuloci kuma bai shafe ni ba tunda ba mai giyar hannu ba ce.

Sai ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Sabon bel ɗin nan na kwana 3 har ya yi sheƙi kaman an goge shi, ga baƙin gari ya taru jikin inji wajen fuli, wato ƙarafan da bel ke hawa yana juya su. Ya cire bel ɗin ya rinƙa juya fuli ɗaya bayan ɗaya da hannu, na altaneta lafiya, na famfon ruwa lafiya, tenshina lafiya. Da ya zo kwamfireson AC fulin na juyawa amma farantin gabanshi ya ƙi motsi, ya ce sa hannunka, wallahi na murɗa iya ƙarfina ko gezau. Kwamfireso ya ci daga ciki, shi ya sa da an kunna AC sai fuli ya cije bel ya rinƙa gurza a kai yana ƙonewa. Na ce Baba to mi zai faru in na ci gaba da hawa haka? Ya ce a wagga mota bel guda ne ke juya altaneta da famfon ruwa da sitiyari, ranar da ya tsinke batir ya daina caji ruwa ya daina zagayawa, a zafin nan kafin ka ankara inji ya tafasa. Ni ko satin nan nake shirin zuwa Tambuwal da iyali.

Bai matsa min ba ko kaɗan, ya ce in kuɗi ba su kusa zai zare soket ɗin kwamfireso in yi ta hawa ba AC har Allah ya hore. Haka munka yi sati 2, albashi na shigowa anka sayo kwamfireso ɗan Beljiyam, ya sa anka wanke layin AC kaf don garin ƙarfen tsohon kar ya kashe sabon, anka zuba gas da sabon bel, kuma ya ba ni tsohon kayana a leda ban tambaya ba.

Inda na ga gazawa shi ne jira, na je 9 na safe ban bar wurin ba sai bayan la'asar, inuwa guda ce ta darbejiya ga benci ɗaya, kuma Baba ba ya ɗaukar waya in yana aiki sai dai ka taka ka je. Yaranshi ma sun bar min giris kan kujera, da na nuna mishi ya yi musu faɗa ya sa sunka goge. Kuɗin aikinshi ya ɗan fi na wancan wurin amma ban ji ciwon biya ba.

Yau wata 2 ke nan, na je Tambuwal na je Illela AC na kunne tun daga gida, ban sake jin warin ba. Satin gobe motar maiɗakina zan kai mishi, ita ma tana wani kuka da safe.