Sharhi kan antibodin OR51E2 bayan wata biyar ina aiki da shi

Na sayi wannan antibodi, wato furotin garkuwar jiki da ke manne wa takamaiman furotin, domin bin sawun OR51E2, ɗaya daga cikin furotin kusan 400 da ɗan Adam ke da su masu karɓar ƙamshi da wari, dangin da Linda Buck da Richard Axel suka gano a 1991, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne ba a hanci kaɗai yake zaune ba, domin ana samunsa da yawa a glandar furosteti ta maza, kuma a 2023 ya zama makarɓin ƙamshi na ɗan Adam na farko da aka ga cikakkiyar siffarsa. An samar da antibodin daga jinin zomo, ya iso a sanyaye yadda ya kamata, na raba shi ƙananan kwalabe na adana a firiza don kada yawan narkewa da daskarewa ya lalata shi.

Gwajin westan bulot, wanda ke rarrabe furotin bisa nauyinsu ya nuna wanda antibodi ya kama a matsayin layi, shi ne ya fara ba ni wahala. Takardar kamfanin ta nuna layi guda tsaf a wajen nauyin kilodalton 35, amma da na gwada da ƙwayoyin LNCaP, wato ƙwayoyin kansar furosteti da ake rainonsu a ɗakin gwaji, sai na ga layuka huɗu, mafi kaurinsu can sama da inda ake sa rai. Wani ɓangare na matsalar daga yanayin furotin ɗin ne, saboda yana ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai, kuma irinsa dunƙulewa yake yi idan aka tafasa samfur. Da na daina tafasawa, na koma ɗumama shi a digiri 37, sai dattin saman ya ragu, layin da nake nema ya fito fili. Da takardar ta ambaci wannan, da ta rage mini asarar mako uku.

Abin da ya fi damuna shi ne tabbatar da cewa OR51E2 ɗin antibodin yake kamawa, tun da yana da ɗan'uwa na kusa, OR51E1, wanda suke kama da juna ƙwarai a jerin amino asid. Hujjar da kamfanin ya bayar ita ce layin yana ɓacewa idan aka haɗa antibodin da guntun furotin da aka yi wa zomon allura da shi. Wannan ba ta gamsar da ni ba, domin iyakar abin da take nunawa shi ne antibodin ya san guntun da aka horar da shi a kai. Sai na rage furotin ɗin da siRNA, wato gajeren RNA mai hana ƙwaya ƙera shi, layi ɗaya ya dusashe sosai, sauran suka tsaya yadda suke, ka ga kenan a waɗannan wani abu daban antibodin yake kamawa.

A ƙwayoyin HEK293, wato ƙwayoyin ɗan Adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji, da na sanya wa makarɓin tare da RTP1S, furotin mai taimaka masa ya hau saman ƙwaya, sakamakon ya yi kyau, hasken da ke nuna inda antibodin ya kama ya faɗa daidai inda wani antibodi daban, mai gane guntun furotin rodofsin da na liƙa wa makarɓin a matsayin alama, ya nuna. A yankan nama kuwa, launin ya bazu ko'ina har ban iya dogara da shi ba.

Shawarata ga abokan aiki ita ce su yi amfani da shi a westan bulot da ƙwayoyin da aka sanya wa makarɓin, da sharaɗin su ajiye samfurin da aka rage ko aka cire furotin ɗin a gefe domin kwatantawa. Su kuma rubuta lambar rukunin da aka sayar musu, saboda kwalba ta biyu da na saya daga wani rukuni ta fi ta farko rauni, sai da na ninka yawan da nake zubawa kafin layin ya bayyana.