Na'urar awon giya a numfashi: wadda ta cancanci kuɗin mai motoci a Legas, da abin da ba ta iya kamawa

Ga mai tirela, tanka ko bas da ke lodi a Ijora, Apapa, Mile 12 ko Agege, tambayar ita ce: na'urar nan ta hannu da direba ke hura wa iska ta nuna ko ya sha giya, ta cancanci a saya? Ta cancanta, amma iri ɗaya daga cikin biyun da ke kasuwa, kuma sai an horar da wanda zai riƙe ta. Ko an cika waɗannan sharuɗɗa biyu, ɓangare ɗaya na matsalar za ta magance, domin ba giya kaɗai ke gusar da hankalin direbobinmu ba.

Wani Alhajin zai ce shi direbobinsa masu salla ne, ba ruwansu da giya. Madalla. Sai dai a dubi teburin masu sayar da jiƙo a bakin tashoshin Legas da sassafe: kwalabe cike da saiwoyi da sassaƙe, wanda Yarabawa ke kira agbo, wani an jiƙa shi da ruwa, wani da ogogoro, wato giyar gida mai ƙarfi. Na ogogoron shi ne paraga. Direban da bayansa ya ƙage, ko basir ya dame shi, yakan karɓi ƙaramin kofi ya shanye da sunan magani, kuma har zuciyarsa bai ɗauka giya ya sha ba. Jininsa kuwa bai san wannan bambancin ba. Ga kuma 'yan ledojin giya masu ƙarfi da ke shiga aljihun riga ba wanda ya lura. Saboda haka awon ba zargin addinin kowa ba ne.

Ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta tsayar da iyaka a 0.05, wato giram 0.05 na barasa a cikin kowane mililita 100 na jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana hawa sosai tun daga 0.04, kuma ta ba da shawarar 0.02 ga matasa da sababbin direbobi. A ganina mai tanka mai ɗauke da lita 33,000 na fetur ba shi da abin nema a waɗannan lambobi. Dokar garejinsa ta zama sifili. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin a taka burki ya kai tsawon tirelar kanta. Wanda ya ga abin da gobarar tanka ta yi a gadar Otedola ranar 28 ga Yuni, 2018 ya san me babbar mota ke iya yi a cikin cunkoson Legas in ta ƙwace, ko mene ne sanadin ƙwacewar.

Iri na farko shi ne mai araha, wanda ya cika shagunan intanet, wani ma da mariƙin makulli a jikinsa. Sensarsa, wato ɓangaren da ke gano barasa a numfashi, ta semikondakta ce: ɗan ƙarfe ne da ake ɗumamawa, in tururi ya taɓa shi sai ƙarfin lantarkin da ke ratsa shi ya canza, na'urar ta mayar da canjin lamba. Matsalarsa ba ya tantance tururin barasa daga sauran tururi. Warin fetur a hannun direban tanka, turare, hayaƙin taba, duk suna iya motsa shi. Haka ma sinadarin asiton da ke fita a numfashin mai ciwon suga ko wanda ya daɗe bai ci abinci ba, wato mai azumi ma yana iya faɗawa ciki. A yi tunanin dattijon direba da bai taɓa kai giya baki ba, a ce masa gaban yaran mota na'ura ta kama shi. Ba a gyara irin wannan ɓarakar da ban haƙuri. Sannan awonsa yana zamewa da sauri, ya koma nuna sifili ga wanda ya sha. Ban ba kowane mai gareji shawarar sayensa ba, ko da kyauta aka haɗa masa da wani kaya.

Iri na biyu shi ne mai sensar fuwel sel, irin wanda jami'an hanya ke amfani da shi a ƙasashe da dama. A cikinsa akwai faifai biyu masu rufin filatinom, da ruwan asid a tsakaninsu. In barasa ta sauka a kan faifan sai sinadarinta ya canza ta haifar da ɗan lantarki, kuma yawan lantarkin daidai yake da yawan barasar. Ba ya kula asiton. Wani sanannen misali shi ne Alcotest 6820 na kamfanin Dräger na Jamus: batir biyu na AA yake ci, yana ajiye sakamakon gwaji da kwanan wata da lokaci, ana iya haɗa shi da ƙaramar firinta, kuma ba ya karɓar hurawa sai iskar ta kai ƙarfi da yawan da ake bukata. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci. Iskar da ke nuna gaskiyar jini ita ce ta can ƙasan huhu, wadda ke fitowa a ƙarshen dogon numfashi, ba ta cikin baki ba. Direban da ya hura a gajarce, ko ya ja iska ciki maimakon fitarwa, na'urar za ta ƙi ba da lamba ta ce a sake. Tsadarsa ta ninka ta mai arahar sau da yawa, kuma farashin yana bin dala. Akwai na wasu kamfanoni masu irin wannan sensa da ba su kai shi tsada ba. Abin dubawa a kwali shi ne nau'in sensar, ba kyan robar ba.

Kafin a biya kuɗi a tambayi dillali abu uku: wa ke saita ta a nan Legas, nawa ne saitin, kuma yana da bututun hurawa a ajiye? Na'urar kamar sikelin mahauci take, a hankali take zamewa ba tare da ta sanar ba. Ana saita ta duk bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon umarnin kamfani da yawan aikin da take yi, ta hanyar hura mata iskar gwaji wadda aka san adadin barasar da ke ciki. A ce ya nuna takardar saitin ƙarshe mai kwanan wata. Dillalin da ya ce tasa ba ta bukatar saiti har abada, a bar masa kayansa.

Yadda ake gwajin ya fi sunan kamfanin tasiri. A fara da tambayar direba ko ya sa wani abu a baki, sannan a jira minti 15 zuwa 20 ba ci, ba sha, ba kuskure baki. Dalili shi ne ragowar barasa a baki, daga ruwan wanke baki ko wani maganin tari, tana iya ba da lamba mai girma alhali jini babu komai. In ya sha taba a dakata 'yan mintoci, domin hayaƙi yana lalata sensa. A yage ledar sabon bututu a gabansa, a maƙala ba tare da taɓa bakin ba. Ya ja dogon numfashi, ya hura a miƙe ba yankewa na kimanin daƙiƙa biyar har na'urar ta yi ƙara. In lamba ta fito, kada a yanke hukunci. A zaunar da shi minti 15, a sake da sabon bututu. Barasar baki za ta faɗi ƙasa warwas a gwaji na biyu, ta jini kuwa za ta tsaya kusa da inda take. Mai gwajin kada ya shafa sanitaiza a hannu dab da aiki, kada kuma a yi gwajin kusa da inda ake zuba mai.

Akwai kuskuren da ke wucewa ba a gane shi ba, na ma'auni. Iyakar nan guda ɗaya tana iya fitowa da fuska huɗu: 0.05 in na'urar tana kan kashi cikin ɗari, 0.5 in tana kan kashi cikin dubu, 50 in tana kan miligiram a mililita 100 na jini, ko kusan 0.25 in tana auna miligiram a litar numfashi. Mai gadin da aka koya wa cewa iyaka 0.25 ce, aka miƙa masa na'urar da ke kan kashi cikin ɗari, zai ga 0.12 ya buɗe ƙofa, alhali mutumin ya ninka iyakar doka fiye da sau biyu. A sa dillali ya tsayar da ita a ma'auni ɗaya, a rubuta shi a takarda a manna a bayanta.

Ajiya kuma: ba a barin ta a kan dashbod a ranar Legas, ba a barin ta wata da watanni a rufe a durowa, domin sensar tana bushewa. A cire batir in za a daɗe ba a yi aiki da ita ba.

Lokacin gwaji mafi amfani shi ne asuba, kafin a miƙa makulli. Hanta tana rage barasa da kimanin 0.015 ne kawai a awa. Wanda ya kwanta ƙarfe 12 na dare da 0.12 a jininsa, ƙarfe 4 na asuba yana nan da kusan 0.06, ya yi wanka, ya ci goro, ya sha shayi mai kauri, yana magana garau. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hanzarta hanta. Kuma a auna kowa, kullum, har da ɗan maigida in yana tuƙi. Da zarar an fara zaɓe, gwajin ya zama cin fuska. Manajan da zai ce wa dattijo, “Baba, a yi haƙuri, dokar gida ce, ni ma na hura,” zai samu haɗin kan da mai tsawa ba zai samu ba.

Yanzu ga inda na'urar ta gaza, kuma a nan ne na fi jin tsoron a ruɗi kai. Ba ta ganin taramol, ba ta ganin kodin, ba ta ganin wiwi. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma bayan wiwi, magungunan kashe ciwo irin su taramol ne suka fi yawa. Direban da ya taso da albasa ko shanu daga Arewa yana son ya riski kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba da wuri, shi ne ke haɗiyar taramol mai miligiram 225 don kada ya ji gajiya. A yawan nan taramol yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana kuma iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Zai hura na'ura mafi tsada ta nuna 0.00.

Maganin wannan shi ne katin gwajin fitsari ko na yawu, kuma shi ma da tarkonsa. Layin da aka rubuta OPI ko MOP yana kama kodin da mofin, amma ba ya kama taramol. Sai an nemi katin da ke da layin TRA ko TML a kansa. Karatunsa kuma a juye yake da abin da ido ke zato: layi biyu na nufin babu, ko da na biyun dishi-dishi ne, layi ɗaya a kan harafin C na nufin akwai, in babu layi a kan C, katin ya lalace. Ana karantawa a minti 5, ba a karɓar abin da ya fito bayan minti 10. Wiwi yana iya bayyana a fitsari kwanaki, har makonni, bayan an sha, don haka katin yana nuna an sha ne, ba ya nuna ana cikin maye a lokacin. Wanda likita ya rubuta wa magani ya kawo takardarsa, kuma kafin a raba mutum da abincinsa a tabbatar da sakamakon a ɗakin gwaji na asibiti.

Barci kuwa babu kati, babu na'ura. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa awa 17 ba barci yana rage kuzarin mutum daidai da barasa 0.05, awa 24 kuma daidai da 0.10. Direban da ya kwana kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana barcin zaune cikin sauro da zafi, sannan aka ce ya kama hanyar Ibadan da zarar an ɗora kwantena, wannan alhakin mai mota ne. Littafin da ake rubuta lokacin tashi da na hutu, da direba na biyu a doguwar tafiya, su ne abin da ke aiki a nan.

Wanda ke da mota biyar zuwa sama, dama tsarin RTSSS, wato tsarin tabbatar da lafiyar tuƙi a kamfanonin sufuri na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wanda aka fara a 2007, ya wajabta masa rajista da naɗa jami'in kula da lafiyar tuƙi. Shi ya kamata ya riƙe na'urar, ya koyi aikinta daga dillali hannu da hannu, ya riƙe littafin da ke ɗauke da suna, lambar mota, lokaci, sakamako da sa hannun direba. Shi ne kuma zai riƙa duba cewa katin kowane direba na cibiyar horar da direbobi ta jihar Legas, LASDRI, bai ƙare ba, tunda sabuntawar shekara-shekara ce kuma akwai gwajin ido a ciki. A lissafin saye a haɗa kuɗin bututun hurawa na shekara guda, ɗaya ga kowane gwaji, da kuɗin saiti, da na'ura ta biyu ko yarjejeniyar aro daga dillali, domin ranakun da aka kai ta saiti motoci ba za su daina fita ba.