Garejin da ya gano ciwon birkin motata kafin ya sa in sayi komai

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2008, kuma na shafe kusan mako uku ina fama da wata matsala da ba ta bayyana sai a danja ko cikin cunkoso. Idan na taka birki motar takan tsaya yadda ya kamata, amma muddin na bar ƙafata a kai, sai in ji fedal ɗin yana nutsewa sannu a hankali har ya kusa taɓa ƙasa, motar kuma ta fara rarrafawa gaba. Makanike na farko da na kai wa ya sa na sayi sababbin fad na gaba (abin da ke matse faifan taya idan an taka birki), na biyu kuwa ya ce iska ce ta shiga, ya yi bilidin, wato ya fitar da iskar, washegari matsalar ta dawo. Daga nan ne wani abokin aikina ya kwatanta mini wani gareji da ke kan titin Zariya a Kano, wanda a kansa nake wannan rubutu.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigarejin bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya so ya san ko man birki yana raguwa, ko birkin yakan dawo idan na yi famfonsa sau biyu ko uku, da kuma irin man da aka zuba na ƙarshe. Sannan ya shiga motar, ya ɗora ƙafa a kan birkin da matsakaicin ƙarfi, ya riƙe kamar rabin minti, ina tsaye ina kallon takalminsa yana yin ƙasa. Da ya take shi da ƙarfi lokaci guda kuwa, sai fedal ɗin ya tsaya cak. Ya ce: "Alhaji, birkin da iska ta shiga taushi yake yi kamar soso tun daga sama. Wannan da yake kamawa sannan ya sake, na fi zargin masta, amma bari mu tabbatar." Masta ita ce silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota idan an taka fedal.

Tabbatarwar ce ta sa nake ganin garejin ya cancanci yabo. Yaransa sun cire tayoyi huɗu, suka duba kalifa ta gaba mai riƙe fad, suka buɗe duram na baya, suka bi tiyo da fayif ɗaya bayan ɗaya, ba a sami ɗigon mai ko ɗaya ba. Ya sassauta masta daga jikin sabo, wato gangar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ya zura yatsa bayanta, ya nuna mini wurin a bushe, domin wani lokaci ta nan man yake zurarewa cikin sabo ba tare da an gani a ƙasa ba. A ƙarshe ya kwance fayif biyun da ke fita daga masta, ya toshe bakunansu, ya sake takawa. Da masta lafiya take, da fedal ɗin ya ƙage a sama, tunda man ba shi da inda zai je. Amma sai ya ci gaba da nutsewa. Bayaninsa shi ne robobin da ke jikin fistin na cikin masta sun cinye, man yana kewaye su yana komawa kofin man birki, shi ya sa kofin yake cike kullum alhali ƙarfin birkin yana zubewa.

Man da aka tsiyaye ya yi baƙi kamar ruwan shayi mai kauri. Ya nuna mini murfin kofin inda aka rubuta DOT 3, ya kuma bayyana cewa man birki yana shan danshi daga iska, ruwan nan ne ke kawo tsatsa a cikin silinda har ta riƙa yankar roba. Saboda ya ga zane a cikin tawa, ya hana ni sayen kit ɗin roba, duk da ya fi araha nesa ba kusa ba, ya ce ba zai daɗe ba. Ni da yaronsa muka je Ƙofar Ruwa muka zaɓo wata masta, kuma kafin ya ɗaura ta sai da ya kafa ta a kan benci ya fitar da iskar cikinta, sannan ya bi ƙafafu huɗu da sabon mai.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Na isa da ƙarfe tara na safe, ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, wurin zaman baƙi kuma benci ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar kwano mai zafi. Ba sa bayar da rasit sai an nema, kuɗin aikinsu ma ya fi na garejin unguwa tsada sosai. Sai dai idan na haɗa kuɗin fad da na bilidin da na kashe a banza, sun zarce abin da ya karɓa, kuma birki ba abin da zan yi ciniki a kansa ba ne alhali da motar nake kai yara makaranta.

Bai ba ni makulli ba sai da muka zagaya tare har gadar Naibawa muka dawo, ya sa ni tsayawa in riƙe birkin minti guda injin yana aiki. Yau wata biyu ke nan, na je Zariya sau uku da motar, fedal ɗin yana tsaye a inda ya bar shi.