Littattafan bayan fagen Star Trek: Whitfield ko Cushman?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda ka ce kuɗin ɗaya ne a hannunka, tsakanin The Making of Star Trek na Stephen Whitfield da Gene Roddenberry (wanda ya ƙirƙiro Star Trek, shirin talabijin na Amurka a kan tafiya sararin samaniya) da kuma juzu'ai ukun nan na Marc Cushman masu suna These Are the Voyages, to ka ɗauki na Whitfield, kada ka tsaya dogon tunani. Duka biyun suna kan kantata, amma na Whitfield ne bangonsa ya sha hannu.

Dalilina na farko shi ne lokacin da aka rubuta shi. Kamfanin Ballantine ya buga shi a 1968, shirin yana tsaka da tafiya a tashar NBC, an gama zango na biyu ana shirin shiga na uku. A wannan lokacin babu wanda ya san Star Trek zai kai inda ya kai, masu aikin ba su ma da tabbas ko za a bar su su kai ƙarshen shekara. Whitfield ya shigo harkar ne ta hanyar kamfanin AMT mai ƙera 'yan ƙananan samfurin Enterprise, kumbon da ke cikin shirin, na roba da yara ke harhaɗawa, sai Roddenberry ya buɗe masa ofis, ya bar shi ya shiga fayil-fayil, ya zauna da ma'aikata. Saboda haka takardun da za ka gani a ciki ba tunanin tsoho ba ne bayan shekara arba'in. Wasiƙun cikin gida ne da Roddenberry da Robert Justman da sauran mutanen Desilu, kamfanin da yake shirya shi, suke aika wa juna ana cikin aiki, ana rigimar kuɗi da lokaci.

A nan ne za ka karanta takardar da Roddenberry ya fara tallata shirin da ita a watan Maris na 1964, lokacin sunan kumbon Yorktown, sunan kyaftin Robert April, Spock kuwa, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan kumbon, an siffanta shi da jan fata, ana cewa mai yiwuwa rabinsa mutumin duniyar Mars ne. Za ka bi labarin fim ɗin gwaji na farko, The Cage, wanda ya ci sama da dala dubu 600, NBC ta ce ya yi wa mai kallo nauyin tunani, amma maimakon ta rufe maganar sai ta ce a sake yin wani gwajin, abin da ba kasafai ake yi ba. A gwaji na biyun ne William Shatner ya shigo a matsayin Kyaftin Kirk, a madadin Jeffrey Hunter da ya fito a kyaftin a gwajin farko.

Amma inda littafin ya fi kama ni shi ne yadda yake nuna maka rashin kuɗi yana haifar da dabara. Kowane kashi kusan dala dubu 190 aka ware masa, a ɗauke shi cikin kwana shida, kuma kowane mako sai an ƙirƙiro sabuwar duniya. Na'urar nan da take narkar da mutum ta sauke shi a wata duniya, wadda yau kowa ya san shirin da ita, an ƙirƙiro ta ne don ba su da kuɗin nuna ƙaton kumbo yana sauka ƙasa duk mako. Ƙyalƙyalin da kake gani idan mutum zai ɓace, garin alminiyom ne aka zubo shi daga sama aka haske shi da fitila aka ɗauka. Mai kula da kayan aiki, Irving Feinberg, ya sayo 'yan kwalaben barbaɗa gishiri masu siffar zamani don wani kashi, aka ga mai kallo ba zai gane gishiri ne a ciki ba, sai aka mayar da su kayan aikin tiyatar Dakta McCoy. Akwai kuma labarin gwajin kwalliya: aka shafe jaruma Majel Barrett da koren fenti don a ga yadda mace 'yar wata duniya za ta fito a kyamara, fim ya dawo daga wanki fatarta kamar ta kowa, aka ƙara kore, ya sake dawowa haka. Ashe masu wanke fim ɗin ne suka ɗauka kuskure ne, suna ta gyara launin.

Akwai ƙanen mai ɗakina da yake aikin haɗa kayan lokeshan a Kano. Ya zo mana hutu, ya ga littafin a kan tebur, ya ce shi bai taɓa kallon shirin ba kuma Turancin ya yi masa yawa. Na zauna na karanta masa wurin kwalaben gishirin ina mayar masa da Hausa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi Yaya haka muke yi, in furodusa ya ce babu kuɗi sai ka shiga kicin ɗin masu gidan da kuka ara ka nemo abin da zai yi kama. Daga nan ya hana ni tashi, sai da muka bi babin yadda ake tsara jadawalin ɗauka, da yadda mataimakin darakta yake rarraba labari shafi-shafi ya lissafa abin da kowane zai ci. Ya tafi da littafin, ya dawo mini da shi da 'yan takardu a maƙale a shafukan da ya sa aka fassara masa. Yaron da bai san Kirk ba bai san Spock ba ya samu abin ɗauka a ciki, domin littafin koyar da yadda ake yin shirin talabijin ne tun daga rubutu har zuwa sa sauti. Wannan ne abin da nake so ka samu da kuɗinka na farko.

Yana da gibi, kuma gara ka sani tun yanzu. Ya tsaya ne a ƙarshen zango na biyu, da labarin ruwan wasiƙun da masu kallo suka yi wa NBC a farkon 1968 har ta sanar cewa shirin zai ci gaba. Babu zango na uku a ciki, wanda aka jefa shi ƙarfe goma na daren Juma'a, aka rage masa kuɗi, Fred Freiberger ya karɓi aikin furodusa, har aka rufe shirin a 1969 da kashi 79. Sannan sunan Roddenberry yana kan bango, maganganunsa ma da manyan baƙaƙe aka buga su a ciki, don haka labarin yadda yake so a ji shi ne. Mutane irin su Gene Coon, wanda ya kawo Klingon, abokan gabar da ke cikin shirin, da marubuciya Dorothy Fontana, ba su samu fili daidai aikinsu ba.

Na Cushman kuwa, ba zan ce ba a yi aiki ba. Juzu'i uku ne, an fara fitar da su a 2013, kowane ɗaya zango guda, kuma yana bin kashi-kashi: wa ya rubuta, sau nawa aka sake rubutun, kwana nawa aka yi ana ɗauka, nawa aka kashe, me alƙaluman masu kallo na Nielsen suka nuna. In zango na uku kake nema dalla-dalla, a nan za ka same shi. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. An rubuta shi bayan kusan shekara hamsin da yin shirin, hotunan ƙanana ne marasa launi, kuma wasu masu bincike da suka bi takardun shirin da ke ajiye a jami'ar UCLA sun nuna wuraren da ya yi kuskure ko ya kai maganar inda takarda ba ta kai ba. Kowane juzu'i ya haura shafi 500, to ka lissafa nauyin uku a kuɗin dako daga Amurka da canjin dala na yanzu. Nakan sauko da shi ne in gardama ta tashi a kan wani kashi, in duba, in mayar.

Ba ka tambaya ba, amma in kuɗi sun sake shigowa, kafin Cushman ka nemi Inside Star Trek: The Real Story na Herbert Solow da Robert Justman, wanda ya fito a 1996, shekara biyar bayan mutuwar Roddenberry. Solow shi ne babban jami'in Desilu da ya shige gaba wajen sayar wa NBC shirin, Justman kuma shi ne kullum yake tsaye a kan lissafi da jadawali. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga misali ɗaya da zai nuna maka dalilin da ya sa nake ajiye su kusa da juna: a littafin Whitfield za ka ga an buga baitocin da Roddenberry ya rubuta wa kiɗan buɗe shirin, baitocin da ba a taɓa rerawa a shirin ba. A na Solow da Justman ne za ka ji cewa rubuta su ya ba shi rabin kuɗin haƙƙin mallakar kiɗan da Alexander Courage ya tsara. Haka maganar cire Number One, mataimakiyar kyaftin a gwajin farko: Roddenberry ya daɗe yana cewa NBC ce ba ta son mace a wannan matsayi, su kuma suka ce matsalar tashar ita ce ba wa budurwarsa, Majel Barrett, babban matsayi a shirin. Su ma suna da nasu haushin, za ka ji shi a rubutun, amma da takardu suke magana. In kuma ka ci karo da ƙaramin littafin David Gerrold na 1973, The Trouble with Tribbles, da arha, ka ɗauka. Labarin kashi ɗaya ne tak daga bakin matashin da ya rubuta shi.

Yanzu maganar masu sayarwa, don a nan ake cin kuɗin mutane. An sake buga littafin Whitfield sau da yawa cikin shekaru, kuma duk shekarar 1968 ce a jikin haƙƙin mallaka, shi ya sa mai sayarwa zai nuna maka shekarar ya ce bugu na farko ne ya ninka kuɗi. Ka ce ya ɗauko maka hoton shafin haƙƙin mallaka gaba ɗaya, inda ake rubuta bugu na nawa ne, da farashin da ke jikin bango. In karatu kake so, bugun baya ya ishe ka, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Ka tabbata shafukan hotuna suna nan, domin gam ɗin waɗannan tsofaffin littattafan aljihu yana bushewa, hotunan ne suke fara zubewa.

Sa hannu kuma, ka yi lissafi da kanka. Roddenberry ya mutu a 1991, cikin jaruman shirin kuma DeForest Kelley a 1999, James Doohan a 2005, Leonard Nimoy a 2015. Duk wanda ya nuna maka littafin 1996 da sa hannun Roddenberry, ko na Cushman da sa hannun Kelley, ɗan damfara ne, ka toshe lambarsa. Takardar shaida da mai sayarwa ya buga da kansa ba shaida ba ce. Akwai kuma masu kwaso hotuna daga eBay su liƙa a Instagram ko WhatsApp su ce kaya yana hannunsu a Legas, ka tura kuɗi a sa maka a mota. Ba a cinikin biri a sama. Ka ce ya yi maka bidiyo yana buɗe shafukan, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefe. Wasu kuma fotokwafi suke yi su ɗinke da bango mai sheƙi: littafin da ya haura shekara hamsin takardarsa ba za ta zo maka fara fat ba.

Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce in saya a AbeBooks ko eBay daga mai sayarwar da ya daɗe kuma yake karɓar mayarwa, a kai gidan wani ɗan'uwa a Amurka ko Ingila, ya taho da shi a jaka. Na Whitfield ɗan ƙarami ne, ba wanda zai ce ka ɗora masa kaya. In ya iso, kada ka jingina shi da bangon da ke jan danshi da damina, kada ka ajiye kwalin a ƙasa saboda gara, kada kuma ka buɗe shi ka danne tsakiyar, musamman da hunturu da gam yake ƙara bushewa. In bangon ya fara rabuwa, kar ka kusantar da salatif.

In ka samu wanda ya kwanta maka, turo hoton bangon da na shafin haƙƙin mallakar a nan mu duba maka kafin ka tura ko sisi.