Alto, teno ko sofrano: wane saksofon ya dace da mai farawa a Jidda?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Jidda, kana aiki da rana, kana son ka fara koyon busa saksofon da yamma, kuma ka leƙa shagon kayan kiɗa ka tarar da iri uku: alto, teno da sofrano. Ka ce zuciyarka ta fi karkata ga sofrano saboda shi ne ƙarami, kana ganin zai fi sauƙin riƙewa kuma ba zai dami maƙwabta ba, sannan kana fatan wata rana ka riƙa bin abokanka masu kaɗa udu, wato garayar Larabawa, da oganu. Shawarata ita ce ka fara da alto, sai fa idan muryar teno ce ta shiga ranka tun farko, to ka ɗauki teno ba tare da fargaba ba. Sofrano kuwa ka bar shi tukuna sai bakinka ya goge.

Abin da ya kamata ya fara kwantar maka da hankali shi ne duk 'yan gida ɗaya ne. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ya koma Faris da zama, shi ya ƙirƙiro su, ya yi musu rajista a 1846, kuma ya tsara su yadda wurin sa yatsu ɗaya ne daga ƙaramin har babban. Wanda ya iya alto, idan aka miƙa masa teno, yatsunsa sun riga sun san hanya. Abin da zai sake koyo shi ne yawan iskar da zai tura da yadda zai riƙe baki. Dukkansu jikinsu na tagulla ne, amma sautin yana fitowa daga ɗan siririn kara guda ɗaya da ake ɗaurewa a bakin, wanda masu shago a nan suke kira risha. Saboda haka zaɓin farko ba ya rufe maka ƙofar sauran, yana dai ƙayyade irin wahalar da za ka sha a shekarar farko, kuma a shekarar farkon ne masu koyo da yawa suke ajiye abin a bayan ƙofa.

Bari in fara da sofrano, tun da shi ne ya ja hankalinka. Gaskiya ne ba shi da nauyi, bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuma miƙaƙƙen yana da kyan gani. Amma ƙanƙantarsa ce matsalarsa. Bakinsa ƙarami ne, risharsa siririya ce, don haka ɗan matsawa kaɗan da leɓe ko sassautawa kaɗan yana ɗaga sautin ko ya saukar da shi yadda kowa zai ji ya kauce. Mai farawa bai mallaki naman leɓensa ba tukuna, kunnensa ma bai saba da gane kaucewar ba, sai ya yi watanni yana busa abin da bai daidaita ba, ya rasa ko laifinsa ne ko na kayan. Ƙari a kan haka, sofrano mai araha ya fi kowane iri yawan zuwa da ramukan da ba a huda su daidai ba, domin a gajeren bututu kuskure ɗan kaɗan yana bayyana sosai. Ka lura kuma cewa miƙaƙƙen sofrano nauyinsa yana sauka ne a kan babban yatsan hannun dama, ko da an rataya igiya, kuma yatsan yana gajiya da wuri. Batun maƙwabta kuwa, a nan ne lissafinka ya fi kaucewa: sofrano ba shi da shiru ko kaɗan, sautinsa siriri ne mai huda kunne, kuma a hannun mai koyo ya fi na sauran tsanani. Waɗanda suka yi suna da shi, irin su Sidney Bechet da John Coltrane, sun zo gare shi ne bayan sun ƙware a wani kayan busa, na farkon daga kilarinet, na biyun daga alto da teno.

Gasar ta gaskiya tsakanin alto da teno take, kuma a nan nake so ka tsaya ka auna da kyau. Idan ka ajiye su gefe da gefe za ka gane su daga wuya: wuyan alto gajere ne, ya ɗan ɗaga sama kai tsaye, na teno kuwa ya fi tsawo kuma yana da lanƙwasa a tsakiya. Alto yana kai kilo biyu zuwa biyu da rabi, teno kuma ya haura kilo uku. A takarda bambancin ba shi da yawa, amma idan abin yana rataye a wuyanka tsawon awa guda bayan ka wuni a wurin aiki, za ka san da shi. Maɓallan teno sun ɗan fi nisa da juna, musamman na ƙaramin yatsan hagu da ke fitar da sautukan ƙasa, kuma bututunsa ya fi faɗi, yana cin iska fiye da alto. Babban mutum mai lafiya ba zai gaza ba, sai dai zai fi saurin yin haki a makonnin farko, kuma sautukan can ƙasa za su fi yi masa gardama kafin su fito a hankali ba tare da fashewa ba.

Ta fuskar murya, alto yana da haske da zaƙi, yana zaune a tsakiya inda waƙa take tafiya, shi ya sa ya dace da bin mawaƙi ko ɗaukar amshi. Charlie Parker da shi ya yi suna. Teno yana da kauri da ɗumi, ya fi kusa da muryar namiji babba, kuma shi ne muryar da mutane da yawa suke ji a ransu idan aka ce saksofon. Coleman Hawkins ne ya ɗaga darajarsa a kiɗan jaz na Amurka, a nahiyarmu kuma Manu Dibango na Kamaru da Getatchew Mekurya na Habasha sun nuna abin da za a iya yi da shi a kiɗan gida. Ban ɗauki wannan batu na murya da wasa ba. Mutumin da kaurin teno ya sa shi sha'awar busa, idan aka tilasta masa alto don kawai ya fi sauƙi, yakan yi sanyi da atisaye, domin abin da yake ji yana fitowa ba shi ne abin da ya zo nema ba. Don haka kafin ka taɓa aljihu, ka zauna ka saurari mabusan alto da na teno a jere na 'yan kwanaki, ka ga wanne kake komawa gare shi ba tare da an ce ka koma ba.

Idan kunnenka bai nuna fifiko ba, to sauran ma'aunai duk sun rinjaya wajen alto. Ya fi teno araha a kowane mataki na inganci, risharsa ta fi araha kuma an fi samunta a shaguna, littattafan koyo da darussan intanet yawancinsu da shi ake farawa, kuma idan ka so sayarwa ka fi saurin samun mai saye. Tun da aka kafa hukumar kiɗa a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu ta Saudiyya a 2020 wuraren koyon kiɗa sun ƙaru a Riyad da Jidda, kuma malamin saksofon duk inda ka same shi ya saba ɗora ɗalibi a kan alto. Akwai kuma abin da ya shafe mu mu masu zirga-zirga tsakanin nan da gida: akwatin alto galibi yana shiga ma'ajiyar kaya ta saman kujera a jirgi, na teno kuwa ya fi tsawo, wani lokaci sai an yi ta roƙo kafin a bar ka ka shiga da shi, kuma saksofon ba kayan da za a jefa cikin manyan akwatuna ba ne.

Yanzu batun abokanka masu udu da oganu, wanda ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla domin yana rikita masu farawa. Saksofon ba ya faɗin sunan sautin da yatsu suka danna. Idan mai udu ya kaɗa sautin da ake kira Do a jerin Do, Re, Mi, mai alto sai ya danna La kafin su haɗu, mai teno ko sofrano kuma sai ya danna Re. Wannan yana nufin cewa maƙamin Nahawand, ɗaya daga cikin jerin sautukan da ake gina kiɗan Larabawa a kansu, idan aka ɗora shi a kan Do, yana faɗowa mai alto a kan La, inda yatsu suke tafiya sumul ba tare da maɓallan gefe masu yawa ba, shi kuma Kurd da aka ɗora a kan Re ya fi zama wa mai teno daidai, domin yana faɗo masa a kan Mi. Kowanne yana da inda ya fi sauƙi, babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. Inda dukkansu suke cijewa shi ne maƙamai irin su Rast da Bayati, masu rubu'in sauti da ba a yi wa saksofon maɓallinsa ba. Ana samun sa ne da dabarun yatsu na musamman da sassauta leɓe, kamar yadda mabushin Masar Samir Surur ya shahara da yi, kuma wannan aikin wanda ya riga ya mallaki sautinsa ne. A nan ma alto da teno sun fi sofrano haƙuri da mai koyo. Idan kuwa kiɗan Sudan ne abokan naka suka fi yi, wanda yawancinsa a kan sautuka biyar yake tafiya, to ba ka da wannan damuwar, kuma duka biyun suna zama a cikinsa daram.

Akwai kuma bariton, saksofon da ya fi teno girma da kaurin murya, amma ban ga dalilin daɗewa a kansa ba. Yana kai kilo biyar zuwa shida, tsadarsa ta ninka ta alto, akwatinsa kaɗai ya cika bayan mota, kuma aikinsa shi ne riƙe gindin kiɗa a babbar ƙungiya, irin yadda Lekan Animashaun ya yi a ƙungiyar Fela Kuti. Wanda zai yi atisaye shi kaɗai a ɗaki ba ya bukatarsa.

Game da maƙwabta, ka sani cewa babu saksofon da ake iya toshe wa murya yadda ake yi wa ƙaho, domin sautin yana fita ta ramukan jikinsa ne, ba ta ƙarshen bututun kaɗai ba. A gidan bene, kaurin teno yana ratsa bango da daɓe fiye da alto, ko da yake bai kai sofrano huda kunne ba. Maganin abin shi ne zaɓen lokaci: ka kauce wa lokutan salla da na hutun rana da tsakar dare, ka rufe tagogi, ka fuskanci kabad ɗin tufafi a buɗe domin kayan sawa suna shanye amo, kuma ka sanar da na kusa da kai tun kafin su yi ƙorafi. Akwai na lantarki da ake sa wa abin kunne, irin Yamaha YDS-150 da Roland Aerophone, suna taimakawa wajen horar da yatsu da dare, amma ba sa gina leɓe, don haka ba za su maye gurbin na gaske ba.

Duk wanda ka zaɓa, yanayin garin nan zai gwada shi. Fatun da ke toshe ramuka da wani irin danƙo aka manna su wanda zafi yake narkarwa, saboda haka kada ka taɓa barin saksofon a mota da rana. Danshin Jidda yana sa fatun su riƙa mannewa, musamman na maɓallin Sol diyez, wanda za ka danna ka ji bai buɗe ba. Shan shayi mai sukari dab da busa yana ƙara wannan, don haka ka kurkure baki tukuna, ka kuma zura ƙyallen gogewa cikin bututun bayan kowane atisaye. Risha tana lanƙwashewa idan tana yawo tsakanin sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da danshin waje, sai ka ajiye ta a 'yar ma'ajiyarta a shimfiɗe, ka fara da mai lamba 2 ko 2.5, kada ka yi gaggawar hawa sama don ka ji an ce ƙwararru da mai tauri suke busa.

Wajen saye, na ɗalibai daga kamfani sananne, kamar Yamaha YAS-280 a alto ko YTS-280 a teno, tare da bakin busa samfurin 4C da yake zuwa da su, ya ishe ka shekaru masu yawa, kuma ya fi maka wanda ba a san maƙerinsa ba ko da ƙyallinsa ya fi ɗaukar ido. Idan na hannu za ka saya, ka tafi da wanda ya iya busa, ya gwada sautin can ƙasa a hankali ba da ƙarfi ba, domin a nan ne yoyon iska yake tona kansa. Ka sa ya zura 'yar fitila cikin bututun a wuri mai duhu ya rufe maɓallan, duk inda haske ya ɓullo ta gefen fata to akwai gyara, kuma ka tambayi inda mai gyara yake da abin da zai caje ka kafin ku yi ciniki. Sannan ka rataya alto da teno ɗaya bayan ɗaya na minti goma-goma a shagon, kana tsaye, ka miƙa ƙaramin yatsan hagu zuwa maɓallan ƙasa, ka ga wanne hannunka ya kai ba tare da ka murɗe wuyan hannu ba.