Gargaɗi Kan Masu Tallan Gwajin Mota da Kwamfuta Kyauta

Ina jan hankalin masu motoci, musamman waɗanda ke hawa motocin da aka shigo da su daga Amurka da Turai, game da wata damfara da ta samu gindin zama a harkar gyaran lantarkin mota. Masu yin ta suna tallata kansu a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp a matsayin ƙwararrun injiniyoyi masu gwada mota da kwamfuta, suna alƙawarin zuwa har ƙofar gida ko wurin aiki su yi gwaji kyauta, amma kusan duk motar da suka jona wa na'ura hukuncinsu ɗaya ne, wato ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ta ƙone ko tana dab da ƙonewa. Ba su da tsayayyen gareji, ba sa cikin ƙungiyar kanikawan kowace unguwa, kuma da zarar ƙorafi ya yi yawa sai lambar wayarsu ta daina shiga.

Yadda suke gudanar da aikin bai cika sauyawa ba. Mutumin zai iso da kwamfutar tafi-da-gidanka ko wata na'ura mai faffadan allo, ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya bari jerin lambobi da rubutun Turanci su cika allon, sannan ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya so ka, da ka hau babban titi da motar nan da wani labarin ake yi." Daga nan sai ya ba da zaɓi biyu, ko ya kwance birenbos ɗin ya kai wa wani ubangidansa da zai sake masa manhaja, ko kuma a ba shi kafin alƙalami ya yi odar wani daga Legas. A zaɓi na farko, wanda ya yi sa'a akan dawo masa da akwatinsa na asali an goge masa ƙura an manna masa sabuwar takarda, ya biya kuɗin gyaran da ba a yi ba. Wanda bai yi sa'a ba kuwa akan kawo masa wani tsohon akwati mai lalura, nasa mai lafiya kuma ya tafi hannun mai saye. A zaɓi na biyu, sau da yawa kafin alƙalamin ne ƙarshen ganawa.

Abin da ke ba su ƙarfi shi ne kwarjinin da na'urar take da shi a idon mai mota, don haka ya kamata a san hakikanin aikinta. Tun daga motocin shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, da 2004 ga na dizal. Soket ɗin mai ramuka 16 ne, fasalinsa ɗaya a kowace mota, kuma abin da na'urar ke yi shi ne ta tambayi kwamfutocin motar lambobin ƙorafin da suka ajiye. Lambar da ta fara da P ta shafi inji da giya, B ta shafi kayan jikin mota kamar jakar iska da tagogi da makullan ƙofa, C ta shafi birki da sitiyari, U kuwa ta shafi sadarwa tsakanin kwamfutocin. Kowace lamba tana nuna layin da aka ga saɓani ne, ba ta ambaton kayan da za a saya. Lambar P0171, alal misali, tana cewa iska ta rinjayi mai a cikin inji, kuma tsagaggen tiyo ko dattin da ya rufe sensar iska ko famfon mai da ya gaji duk suna iya jawo ta. Lambar P0300 tana nuna injin yana tsallake wuta, abin da galibi ke komawa kan filogi ko kwayil ko nozul. Ita kuwa U0100, wadda 'yan damfarar suka fi ƙauna saboda fassararta ita ce an rasa sadarwa da kwamfutar inji, fis guda da ya tsinke ko wayar da ɓera ya ci ko batir mai rauni sun isa su haifar da ita alhali birenbos ɗin lafiyarsa ƙalau.

Akwai ma wata dabara da ta fi wannan arha. Rami na 16 a soket ɗin shi ke ba ƙananan na'urorin gwaji wuta daga batir, kuma fis ne ke tsare shi, a wasu motoci ma fis ɗaya yake ci da soket ɗin cajin waya. Idan wannan fis ɗin ya tsinke na'urar ba za ta kama ba, sai mutumin ya juyo da allon ya ce ga shi nan, ƙwaƙwalwar ko amsawa ba ta yi. Mai hankali ya tambayi kansa, motar da injinta ke tashi tana tafiya, ta yaya za a ce kwamfutar da ke sarrafa mai da wutarta ta mutu?

Na ga irin wannan a kan motar wata maƙwabciyarmu, malamar makaranta ce mai hawa Corolla. Motar takan ƙi tashi da safe, fitilun dashbod su riƙa ƙyaftawa, gilashin tagar direba kuma ya riƙa hawa da ƙyar. Wani daga cikin masu wannan talla ya zo ya jona na'ura, ya ce, "Hajiya, birenbos ne, kuma ya fara taɓa na'urar tagogi, gara a cire shi yau kafin ya cinye wayoyin motar." Allah ya taimake ta ta ce sai maigida ya dawo. Washegari aka kai motar wurin wani dattijo mai wayarin da ya daɗe a unguwar, bai ko ɗauko kwamfuta ba, ya buɗe bonet ya nuna mana kan batir da ya yi farin gari kamar an barbaɗa masa kanwa, sannan ya kama wayar da ke haɗa batir da jikin mota ya girgiza ta, sai ga ta tana lilo a kan notinta. Ya wanke kan batir ɗin, ya kankare tsatsar da ke ƙarƙashin notin har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure, ya sa mita a kan batir ya nuna mana lambar. Motar ta tashi da murɗa ɗaya, tagar ma ta warware.

Wannan awon da mita shi ne matakin farko na duk mai gyara na gaskiya, kuma rashin yin sa babbar alama ce. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6, wato ma'aunin ƙarfin wuta, idan injin yana kashe, idan ya yi ƙasa da 12 to ya sauka sosai, idan kuma injin yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7, wanda ke nuna altanaita tana caji. Raunin wuta kaɗai yana iya cika na'urar gwaji da lambobi masu yawa daga sassa daban-daban, domin kowace kwamfuta a motar tana kokawa da abu guda. Bayan batir sai fis da rile, sai wayoyin da ke zuwa jikin mota, sai a tabbatar wuta tana isa filogin birenbos ɗin kansa, sai a duba layin bolt 5 da yake ba sensoci, domin sensa ɗaya da ta haɗe waya tana iya durƙusar da layin gaba ɗaya har motar ta ƙi tashi. Sai an kawar da waɗannan duka ake zargin akwatin, kuma ko lambobin da ke nuna cikinsa kai tsaye, irin su P0601 da P0606, mai gyara nagari yakan tabbatar da lafiyar wuta kafin ya yarda da su.

Ba ana cewa birenbos ba ya lalacewa ba ne. A 2010 kamfanin Toyota da kansa ya janye sama da motoci miliyan ɗaya ƙirar Corolla da Matrix na shekarun 2005 zuwa 2008 a Amurka saboda tsagewa a allon kwamfutar inji, kuma irin waɗannan motoci suna da yawa a titunanmu. Haka nan shigar ruwa na kashe shi, da juya wayoyi yayin jan wuta daga batir ɗin wata mota, da yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da kuma wata mummunar al'ada ta cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada altanaita. Abin da nake cewa shi ne lalacewarsa tana da sanadi kuma tana da hujja, wanda duk ya yanke masa hukunci cikin mintuna kaɗan ba tare da ya taɓa mita ba, ko dai jahilci ne ko ha'inci, kuma a aljihun mai mota sakamakon ɗaya ne.

Dalilin da ya sa suka fi kai hari kan wannan akwati a fili yake. Ƙarami ne, notuna kaɗan ke riƙe da shi, yana da tsada a kasuwar kayan gwanjo, kuma mafi yawan masu motoci ba su taɓa ganin nasu ba balle su gane shi idan an musanya. Akwai kuma haɗarin da ya wuce asarar kuɗi, domin a motocin da makullinsu ke da 'yar ƙaramar na'urar tsaro a ciki, wanda ya samu damar zama da motar da na'urar da ta dace yana iya yi wa wani makulli rajista ba tare da sanin mai ita ba. Mutumin da ya san gidanka, ya san inda kake ajiye mota, ya kuma tafi da makullinka na wasu sa'o'i, ba wanda za a yi sakaci da shi ba ne.

Reshe na biyu na wannan sana'a ya shafi masu shirin sayen mota, domin irin waɗannan mutane ne wasu marasa amana ke ɗauka su yi wa mota kwaskwarima kafin a kai ta kasuwa. Goge lambobin ƙorafi aikin daƙiƙu ne, fitilar gargaɗin inji ta mutu, mai saye ya ga dashbod fes, bayan 'yan kwanaki ana tuƙi fitilar ta dawo tunda cutar tana nan. Wasu sukan cire ƙwan fitilar ko su liƙe shi da baƙin salatif daga ciki. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa jakar iska: motar da ta yi haɗari jakunkunanta suka fashe, maimakon a sa sababbi sai a rufe gurbin da murfi, a jona wani ɗan ƙaramin resisto a filogin domin kwamfutar ta ɗauka jakar tana nan, ko a haɗa fitilar jakar da ta man inji domin su mutu tare idan mota ta tashi. Direban irin wannan mota yana tafe da yaƙinin yana da kariya alhali ba komai a cikin sitiyarinsa. Ga kuma motocin ambaliya, domin bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, kuma irin wannan gwanjo yana cikin hanyoyin da motoci ke bi su iso Afirka ta Yamma. Ruwa yana barin tsatsa da koren datti a cikin filogan wayoyi, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan watanni, yau tagogi, gobe makullan ƙofa, jibi fitilu.

Gane waɗannan ba ya buƙatar ƙwarewa mai yawa. A murɗa makulli zuwa matakin da fitilu ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba, dole ne fitilar inji da ta jakar iska da ta birkin ABS, idan motar tana da shi, su kama duka, wadda ba ta kama ba mai yiwuwa an taɓa ta. Fitilar jakar iska tana mutuwa da kanta bayan 'yan daƙiƙu ko da ba a tayar da injin ba, idan kuwa sai an tayar take mutuwa tare da ta mai, to akwai lauje cikin naɗi. Na'urar gwaji tana da shafin da ke nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta, idan aka ga yawancinsu ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge lambobi ko aka cire batir. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ramin tayar safaya da ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen laka, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai tabon ruwa. A jikin ƙofofi da fenda kuma ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana tona inda aka cika fila, wato abin da ake cike loɓa da shi kafin fenti, domin ba ya kamawa sosai a wurin, sai dai wannan gwajin ba ya aiki a sassan roba ko na alminiyam. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ita ake amfani da ita a nemo tarihin motar Amurka a shafuka irin su Carfax.

Ga wanda motarsa ke hannunsa kuma, kada ya bari a kwance komai a ranar gwajin farko. Ya ɗauki hoton allon da lambobin a jiki kafin a goge su, ya nemi a nuna masa awon batir da na caji da idonsa, sannan ya kai lambobin wurin wani mai wayarin da ke da wurin zama sananne ya ji ta bakinsa. Ƙaramar na'urar ELM327 da ke aiki da wayar hannu tana karanta lambobin inji, kuɗinta kuma bai kai na juyen baƙin mai ba, don haka mallakarta yana rage wa mutum dogaro da maganar baƙo. Idan har ta tabbata sai an cire birenbos, a ɗauki hoton takardar da ke jikinsa, wadda a Toyota lambarta kan fara da 89661, a Honda kuma da 37820, a yi wa akwatin wata alama ta sirri a inda ba za a lura ba, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar da ranar dawowa a gaban shaida, kuma duk kayan da aka canza a karɓi tsohon a hannu. Kada a tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na mai gyaran.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi musaya da hoton tallan kafin a goge shafin, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya kuma sanar da bankinsa da wuri. A Nijeriya hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafin masu sayen kaya da ayyuka, shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a yankin kuma suna iya tabbatar da ko mutumin ɗansu ne, idan ɗansu ne suna da hanyar kiransa ya zo ya yi bayani.