Sayen aidin da KI domin ɗakin gwaje-gwaje: haɗaɗɗen ruwa ko busasshen sinadari?

Malamin kimiyya da ke shirin jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, da ma'aikacin lab a ƙaramin asibiti, dukansu suna sayen abin da ake kira aidin, amma ba abu ɗaya suke bukata ba. A kasuwar sinadarai akwai aƙalla kwalabe biyar masu ɗauke da wannan suna, kuma wanda bai bambanta su ba yana iya biyan kuɗi mai yawa ya koma da abin da ba zai yi masa aiki ba.

Tushen lamarin shi ne aidin zalla ba ya son ruwa. Lita guda ba ta narkar da fiye da kimanin kashi ɗaya bisa uku na giram ɗaya, alhali fotasiyam ayodaid, wanda ake rubutawa KI a jikin kwalba, yana narkewa har kusan giram 140 a cikin mililita 100. Idan aka haɗa su, KI yana kama aidin ya shigar da shi cikin ruwan, sai a sami ruwa mai launin ƙasa-ƙasa. A kan wannan ne likitan Faransa Jean Lugol ya gina haɗinsa a 1829, kuma har yau ruwan Lugol mai ƙarfi giram 5 ne na aidin da giram 10 na KI a mililita 100. Aidin na Gram, wanda ake amfani da shi wajen rina ƙwayoyin cuta bisa hanyar da Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884, ya fi shi tsinkewa ƙwarai: giram 1 na aidin da giram 2 na KI a mililita 300.

Zaɓi na farko shi ne a sayi haɗaɗɗen ruwan. Wannan ya dace da makarantar da ba ta da sikeli mai auna ƙasa da giram, ko wadda bukatarta ba ta wuce gwajin sitaci a ganye da garin rogo sau biyu ko uku a zango ba. Ƙaramar kwalbar Lugol za ta isa, domin sai an tsinka ta da ruwa sosai kafin launin shuɗi mai duhu da aidin ke bayarwa idan ya haɗu da sitaci ya fito fili. Idan ya yi kauri, launin aidin ɗin kansa yana rufe sakamakon. Matsalar haɗaɗɗen ruwa ita ce mai saye bai san tsawon zaman da ya yi a kanti ba. Aidin yana tashi ya bi iska, zafi kuma yana hanzarta hakan, don haka kwalbar da ta sha zafin bazarar Kano ko Sakkwato a shago mai rufin kwano ba lallai ƙarfinta ya kai abin da aka rubuta ba. A ɗaga ta a gaban haske. Lugol mai ƙarfi kusan baƙi yake, haske ba ya ratsa shi sosai, idan kuwa ya koma kamar shayin da aka cika wa ruwa, a bar shi. Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, murfinta kuma kada ya zama na ƙarfe, saboda tururin aidin yana cin ƙarfe.

Ga duk lab ɗin da ke aiki kullum, ra'ayina shi ne a sayi busassun sinadaran biyu a haɗa da hannu. Lissafin a bayyane yake: giram 25 na aidin da giram 50 na KI suna ba da lita bakwai da rabi na aidin na Gram, kuma ana haɗa kaɗan-kaɗan ne gwargwadon bukata, abin da ya fi araha muhimmanci. Aidin na Gram da ya yi rauni ba ya riƙe rinin farko a jikin ƙwayar cuta, sai wadda ya kamata ta fito shunayya ta fito ja, a rubuta wa majinyaci sakamakon da ba nasa ba. Haka abin yake wajen duba bayan gida da madubin likita, inda ake tsinka Lugol domin fito da cibiyoyin ƙwan amiba, ƙwayar cutar da ke jawo atini: tsinkakken ruwan ba ya wuce kimanin mako biyu da ƙarfinsa.

Wajen haɗawa akwai tsari da bai kamata a saɓa ba. A fara narkar da KI a cikin ɗan ruwa kaɗan, tataccen ruwan lab ba na famfo ba. Za a ji gindin kofin ya yi sanyi a hannu. Sai a zuba aidin a motsa har ƙwayoyinsa masu ƙyalli su ɓace gaba ɗaya, sannan a cika ruwa. Wanda ya cika ruwan tun farko zai wuni yana motsawa, aidin na kwance a ƙasa.

Da an yanke shawarar sayen busasshe, sai batun darajar tsarki, wadda ake nunawa da haruffa a jikin kwalba. Mai alamar LR ya wadatar ga gwajin sitaci da aikin aji. Mai alamar AR ko ACS, wanda tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin 100, shi ake bukata idan za a auna adadi da sodiyam tayosalfet, sinadarin da ke ɓatar da launin aidin, kamar auna aidin da ke cikin gishirin abinci ko ƙarfin ruwan bilic, domin a irin wannan aiki ɗan gurɓacewa kaɗan yana ƙara adadin da za a karanta. A nemi takardar shaidar inganci mai lambar rukuni iri ɗaya da ta jikin kwalbar. Farashin aidin yana bin dala, tunda mafi yawansa daga Chile da Jafan yake fitowa, saboda haka KI mai araha fiye da kima abin tuhuma ne. KI na gari fari ne fes, busasshe. Wanda ya yi rawaya ko ya dunƙule ya sha danshi da iska, ya fara sakin aidin. Ana iya gwada shi nan take: a narkar da ɗan kaɗan a ɗiga ruwan sitaci, bai kamata shuɗi ya fito ba. A wani kofin kuma a ɗiga ruwan led naitiret, KI zai ba da gari rawaya mai haske, gishirin miya da aka sa wa lakabin KI kuwa iyakarsa fari.

Wani kuskure da ake yi a takardar oda shi ne rikita KI da KIO3, wato fotasiyam ayodet, wanda ake sa wa gishiri a Najeriya saboda ya fi jure zafi da danshi. Sunayensu na Turanci haruffa biyu kawai suka raba su, amma KIO3 ba zai narkar da aidin ba. A rubuta lambar CAS, wato lambar shaidar da kowane sinadari ke da tasa, a odar: 7681-11-0 ta KI ce, 7758-05-6 ta KIO3, 7553-56-2 kuma ta aidin zalla.

Aidin na kemis da ake sa wa ciwo a cikin barasa yake, fobidon irin su Betadine kuma aidin ne da aka ɗaure da wani sinadari yana sakinsa a hankali. Dukansu suna iya nuna sitaci idan an rasa yadda za a yi, amma ba su maye gurbin Lugol a aikin asibiti ko a awo. Haka nan sinadarin lab ba magani ba ne, ba a shan sa kuma ba a sa shi a rauni.

Mai saye ya haɗa da ɗan tayosalfet a cikin odarsa, domin shi ke goge aidin da ya zube a tebur ko a rigar aiki. Ya kuma tanadi kabad mai duhu da sanyi nesa da amoniya, saboda haɗuwar aidin da amoniya tana haifar da abu mai fashewa. Kwalba biyu ta giram 100 ta fi ɗaya ta giram 500 da za a yi shekara ana buɗewa, musamman da damina lokacin da iska ke cike da danshi.